Ayarin da ya bi ta bisa: daga tashar Kano zuwa farantin Petit Marché

Wata ranar Asabar da la'asar na biya ta wajen Petit Marché, wadda ƴan uwanmu Zabarmawa ke kira Habu Ganda, don in sayi wayar cajin salula. Kasuwar kanta ba ta koma yadda muka san ta ba tun gobarar shekarar 2012, amma sunan ya zauna, kantuna da ƴan tebur kuma ba su bar kewayen ba. A ƙofar wani kanti na ga wani farin faranti mai kusurwa huɗu, bai fi faifan rufe ƙwarya biyu ba, an jingine shi yana duban sama. Na tambayi mai kantin, sai ya ce: "Mushe, ai wannan Starlink ne. Ba ruwansa da rezon kowa, daga bisa yake ɗebo nasa." Na ce: "To Alhaji, bisan na wa ne?" Ya yi dariya ya ce na Allah ne. Gaskiya ya faɗa. Sai dai taurarin da farantin ke magana da su na wani kamfani ne mai suna SpaceX, kamfanin kuma na wani attajiri ne, Elon Musk, wanda aka haifa a Afirka ta Kudu a 1971, yake zaune a Amurka.

Ɗalibaina na lise suna ɗaukar wannan al'amari kamar abin da ya faɗo jiya, kuma kamar labarin wata nahiya da bai taɓa gilmawa ta ƙasarmu ba. Duka biyun kuskure ne. Hanyar da ƴan kasuwa suka bi har suka kai ga harba kumbo ta ratsa ta Kano, ta ratsa ta hamadar Aljeriya da ta Libiya, kuma wanda ya san tarihin fataucin kakanninmu zai gane ta da sauri fiye da wanda ya san lissafi kaɗai.

Mu fara da Kano. Lokacin da Amurka ta ƙudurta aika mutum ya kewaya duniya, a ƙarƙashin shirin da ta kira Mercury, ta tarar da wata matsala wadda kowane madugu ya sani: tafiya mai nisa ba ta yiwuwa sai da zango. Kumbon yana gudun kusan kilomita 28.000 a awa, yana gama kewaye ɗaya cikin awa ɗaya da rabi, kuma saboda bai yi nisa da ƙasa sosai ba, tasha ɗaya ba ta iya jin muryarsa sai na ƴan mintoci kafin ya faɗa bayan gari. Don haka hukumar NASA ta jera tashoshi 18 a kewayen duniya, wasu a tudu, wasu bisa jiragen ruwa. A nahiyar Afirka da gaɓarta an zaɓi Kano da Zanzibar. Ranar 20 ga Fabrairu 1962 John Glenn ya kewaya duniya sau uku. Da ya shigo sararin Afirka a kewayen farko, ya faɗa wa ma'aikatan ƙasa cewa yana hangen ƙura ta turnuƙe, tashar Kano kuma ta amsa masa cewa an kwana bakwai ana iska mai ƙarfi. Duk wanda ya taɓa share aji a watan Fabrairu ya san wannan ƙura. Hazon hunturunmu ne mutumin ya gani daga bisa.

Shekara ɗaya da rabi bayan haka, ranar 23 ga Agusta 1963, shugaba Kennedy ya yi magana ta tarho da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Muryar ta tashi daga Amurka, ta bi ta tauraron ɗan adam mai suna Syncom 2, ta sauka bisa wani jirgin ruwan Amurka da ke tsaye a tashar Ikko. Ita ce hira ta farko da shugabannin gwamnati biyu suka yi ta tauraron ɗan adam, kuma ɗaya daga cikinsu malamin makaranta ne daga Bauci. Ina son wannan labari, ina kuma ba da shi a aji duk shekara. Abin lura a ciki shi ne, kamfanin Hughes ne ya ƙera tauraron, amma gwamnati ce ta yi odarsa, ta biya, ta harba shi. A wancan zamani ɗan kasuwa maƙeri ne kawai a gidan sarki.

Faransa ma a hamadarmu ta koyi tashi. Yarjejeniyar Evian ta 1962 ta bar mata sansanin Hammaguir a Aljeriya na shekara biyar, daga nan ne kuma ta harba tauraronta na farko, Astérix, ranar 26 ga Nuwamba 1965. A 1967 ta tattara kayanta ta nufi Kourou, a Guyana ta Faransa. Dalilin zaɓen Kourou shi zai bayyana mana sauran labarin. Duniya tana juyawa zuwa gabas, kuma a tsakiyar cikinta, wato bisa layin ekwata, gudun juyawar ya fi ko'ina, kusan kilomita 1.670 a awa. Rokar da ta tashi daga can ta fuskanci gabas ta samu wannan gudu kyauta, kamar kwalekwalen da ya bi ruwa ya gangara daga Yamai zuwa Gaya. Ke nan ƙasa mai kusa da ekwata, mai faɗi, mai ƙarancin jama'a, tana da abin sayarwa.

Mutumin da ya fara zuwa saye da kuɗin ƴan kasuwa Bajamushe ne, injiniya, sunansa Lutz Kayser. A 1975 ya kafa kamfanin OTRAG a Jamus ta Yamma, da niyyar da ba wanda ya taɓa gwadawa kafinsa: ya harba wa duk mai biya tauraronsa, kamar yadda mai kamyo ke ɗaukar kayan kowa. Bai rasa manya a bayansa ba, domin Kurt Debus, wanda ya shugabanci cibiyar Kennedy a zamanin tafiya wata, ya karɓi shugabancin majalisar kamfanin. Dabarar Kayser kuwa ta cancanci a tsaya a kanta, don ta yi kama da tunanin maƙeranmu na Katako. Manyan ƙasashe suna ƙera inji ɗaya mai tsada da sarƙaƙiya. Shi kuwa ya ce a ɗauki bututun ƙarfe mai arha, faɗinsa santimita 27, a cika wani da kananzir, wani da ruwan asid, a matse su da iska, a sa ƙaramin inji a gindi. Abin da ke buɗe makwararar man ma, ɗan injin nan ne da ke kaɗa sandar share gilashin mota. In kaya kaɗan ne, a ɗaure bututu huɗu. In kaya da nauyi, a ɗaure ɗaruruwa, kamar damin hatsi, na waje su ƙone su zube, na ciki su ci gaba. Arha za ta fito ne daga yawan ƙera abu iri ɗaya.

Sai maganar fili. Jamus ba ta da shi, kuma yarjejeniyoyin bayan yaƙin duniya na biyu sun ɗaure mata hannu game da makamai masu cin dogon zango. Kayser ya nufi Mobutu. A 1976 Zayar ta ba kamfanin hayar yanki mai faɗin murabba'in kilomita 100.000 a lardin Shaba, wato kusan girman jahar Tilaberi dukanta, har zuwa shekarar 2000, tare da ikon cewa wane zai shiga, wane ba zai shiga ba. Masu karatu da suka san tarihin kamfanonin da aka raba wa dazuzzukan Kwango a ƙarshen ƙarni na 19 za su ji wani ɗanɗano da suka sani a cikin wannan takarda. Ranar 17 ga Mayu 1977 damin bututu huɗu ya tashi daga wani tsauni a Shaba lami lafiya. An sake gwadawa a Mayu 1978, aka yi nasara. Ranar 5 ga Yuni 1978 Mobutu ya zo da kansa da manyan baƙi da masu ɗaukar hoto, a gabansu kuma rokar ta karkace tun daga tashi ta faɗa cikin kwari.

Faɗuwar roka ba ta kashe kamfani, kamar yadda za mu gani. Abin da ya kashe OTRAG maƙwabta ne da manyan ƙasashe. Shaba fagen yaƙi ce a lokacin: mayaƙa sun shigo daga Angola a 1977, suka dawo a Mayu 1978 har sojojin laimar Faransa suka sauka Kolwezi. Tarayyar Sobiyat ta yi ta shelar cewa Jamusawa na gwajin makamai a tsakiyar Afirka. Faransa, wadda ke shirin fito da rokar Ariane, ba ta da dalilin son kishiya. Gwamnatin Jamus kanta abin ya zame mata ƙaya. A 1979 Mobutu ya soke yarjejeniyar.

Daga nan labarin ya matso kusa da mu. Kamfanin ya kwashi bututunsa ya koma Libiya, ya kafa sansani a hamadar yankin Sabha, garin da duk ɗan Agadas ko Dirku ya san sunansa, domin nan ne hanyar Kawar da Madama ke kai matafiyi, tun zamanin raƙuma har zamanin Hilux. Ranar 1 ga Maris 1981 aka harba roka daga can. Ku tuna da lokacin: wata uku kafin nan sojojin Kaddafi sun shiga Njamena, dangantakar Yamai da Tarabulus kuma ta yi tsami. Babu maƙwabcin da zai ji an ce ana gwada roka a Fezzan ya yarda cewa fatauci ne zalla. Matsin lamba ya ƙaru, kamfanin ya bar Libiya, kayan aikinsa suka zauna a hannun hukumomin ƙasar. An yi gwaji na ƙarshe a arewacin Suwidin a 1983, a 1987 kuma aka rufe OTRAG ba tare da ta kai ko tauraro ɗaya falaki ba. Kayser ya ƙare rayuwarsa a wani ɗan tsibiri cikin tsibiran Marshall, a tekun Pasifik, inda ya rasu a 2017.

Ikon Allah, daga waɗannan tsibiran na Marshall ne wanda ya gaje shi ya tashi. SpaceX, da aka kafa a 2002, ta harba ƙaramar rokarta Falcon 1 daga tsibirin Omelek, ta faɗi a 2006, ta faɗi a 2007, ta sake faɗi a Agusta 2008. Sau uku ke nan, fiye da abin da ya kunyata Kayser a gaban Mobutu. Ta huɗu ta kai falaki ranar 28 ga Satumba 2008, lokacin da asusun kamfanin ya kusa ƙarewa. Wata uku bayan haka NASA ta ba shi kwangilar dalar Amurka miliyar 1,6 don ya yi jigilar kaya sau 12 zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. A ganina, a nan bambancin yake. Ba na musun gwanintar injiniyoyin SpaceX: ranar 21 ga Disamba 2015 sun dawo da gindin roka ya sauka a tsaye, aka kuma koyi sake amfani da shi, abin da ya karya farashin harbi. Amma gwaninta na buƙatar wanda zai ciyar da ita kafin ta nuna. Amurka ta ajiye jiragenta masu zuwa su dawo a 2011, ta koma sayen kujera a kumbon Rasha, abin kuma yana yi mata ciwo. Ta zama mai saye, ta zama mai ba da izni, ta zama mai gida: dandalin da Apollo 11 ya tashi daga kansa a 1969, shi ne ta ba SpaceX haya a 2014. Ranar 30 ga Mayu 2020 ƴan sama jannati biyu na gwamnati suka tashi daga nan a cikin kumbon kamfani.

Kakanninmu fatake ba za su yi mamakin wannan ba. Ayarin goro da ke barin Kano zuwa Gwanja na ƴan kasuwa ne, dukiyarsu ce, ribarsu ce, asararsu ce. Duk da haka madugu ba ya ɗaga ƙafa sai ya san sarakunan da ke kan hanya, da gaisuwar da za a kai wa kowane, da kuɗin fito a bakin Kwara. A Agadas, Sarkin Abzin yana da Sarkin Turawa, wanda aikinsa kula da fataken arewa da karɓar abin da ya hau kansu, kamar yadda Barth ya tarar a 1850. Dokar duniya ma haka ta ce game da sama. Yarjejeniyar 1967 ta hana kowace ƙasa mallakar wata ko wani tauraro, ta kuma ɗora wa kowace gwamnati alhakin abin da kamfanoninta suka aikata a can, da wajibcin ba su izni da sa musu ido. Kayser madugu ne da ya fita ba da takardar sarkin garinsu ba, ya dogara da sarakunan zango, su kuwa suka sallame shi ranar da riƙe shi ya fi ƙarfinsu.

To ina aka nufa? Jaridu sun fi son labarin fasinja, don shi ke da hoto. Dennis Tito ya biya kusan dala miliyon 20 a 2001 ya kwana bakwai a sama, amma kumbon gwamnatin Rasha ne ya kai shi. Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya bi sahu a 2002. A Yuli 2021 Richard Branson da Jeff Bezos suka yi tseren kwana tara tsakaninsu, kowa a cikin abin hawan kamfaninsa. Tafiyar Bezos, daga tashi zuwa sauka, minti goma ce da ɗoriya. Kujera a jirgin Branson an sa mata dala 450.000 a wannan shekara, sama da sefa miliyon 250, don a ji jiki ya yi sakayau na ƴan mintoci. Kamfanin ya dakatar da tashi a Yuni 2024 don ya ƙera sabon jirgi. Ban raina abin ba, jirgin sama ma da attajirai ya fara, yau kuwa tsohuwa daga ƙauyen Filinge tana hawansa zuwa Makka. Sai dai jirgin sama yana kai mutum wani gari inda ake jiransa. Har yanzu babu kasuwa ko dangi ko Ka'aba a ƙarshen tafiyar kumbo, tashar ƙasa da ƙasa ma an tsara sauko da ita bayan 2030.

Kuɗin yana cikin kaya. A 2024 rokokin Falcon sun tashi sau 134, kusan biyu bisa uku na tashin kuma taurarin Starlink suka ɗauka, wato kayan kamfanin kansa. Ga mai raƙuma wanda shi ne kuma mai gishiri. Tun rukunin farko na taurari 60 a Mayu 2019, adadinsu ya haura 7.000 a 2025. Suna yawo a nisan kusan kilomita 550, alhali tauraron da parabol ɗin telenmu ke kallo yana can kilomita 36.000, shi ya sa saƙo ke zuwa ya dawo da sauri, shi ya sa kuma ake buƙatar dubbai, don in wannan ya wuce wani ya karɓa. Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da aka buɗe wa wannan hidima, a Janairu 2023. Faranti ya riƙa tsallako iyaka zuwa Maraɗi da Ƙonni tun kafin a halatta shi a nan. Gwamnatin Nijar ta sa hannu da kamfanin a Oktoba 2024, aka fara aiki a hukumance a Maris 2025.

Ga ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1.267.000, wadda jan waya zuwa Bilma ko Ngurti ya fi ƙarfin ribar kowane kamfani, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma malamin da ya taɓa koyarwa a daji ba tare da ƙamus ɗaya ba, ba zai yi masa tsaki ba. Cibiyar AGRHYMET da ke Harobanda, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, ta daɗe tana karanta damina da motsin fara daga hotunan taurarin da ba namu ba, an kuma ci moriyarsu. Amma a dubi yadda matsayinmu ya sauya. A 1962 ana buƙatar ƙasarmu don a ji muryar kumbo. Tashar Zanzibar ta rufe bayan juyin 1964, ta Kano ba ta ga ƙarshen shekarun 1960 ba, daga 1983 kuma NASA ta fara kafa taurarin da ke karɓar saƙon kumbo su miƙa shi gida, zango ya koma sama. A 1976 ana buƙatar filinmu don a tashi. Yau ana tashi daga Florida da Kaliforniya, gindin roka ya sauka bisa jirgin ruwa a tsakiyar teku. Abin da ya saura da ake nema a wurinmu shi ne kuɗin wata. Haka jirgin ƙasa ya yi wa hanyar hamada da ya iso Kano a 1911: Agadas da Damagaram ba su gusa ko taki ɗaya ba, hanya ce ta bar su.

An taɓa yunƙurin karɓar fito. A Disamba 1976, a Bogota, ƙasashen da ekwata ta ratsa, cikinsu har da Zayar da Kwango da Kenya da Yuganda, suka ce yankin falakin kilomita 36.000 da ke bisa kansu dukiyarsu ce. Babu mai roka ko ɗaya da ya saurare su. An kuma yi yunƙurin mallakar raƙumi: ƙasashen Afirka sun haɗu a ƙungiyar RASCOM a 1992, tauraronsu na farko bai tashi ba sai Disamba 2007, ya samu matsala tun a hanya, aka maye gurbinsa a 2010. Najeriya ta harba NigeriaSat-1 a 2003, an ƙera shi a Ingila, ya tashi daga Rasha. Tauraron Senegal na farko, a Agusta 2024, rokar SpaceX ce ta ɗauke shi. A Satumba 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso sun sa hannu a Bamako da kamfanin Glavkosmos na gwamnatin Rasha don samun taurarin sadarwa da na duban ƙasa. Kowane daga cikin waɗannan kaya ne namu bisa raƙumin wani.

Kayan aro ba ya rufe katara, mutanen Yukren kuma sun ɗanɗana haka a 2022, lokacin da suka nemi a buɗe musu Starlink a gaɓar Kirimiya, mai kamfanin ya ƙi, kamar yadda shi da kansa ya faɗa daga baya. Ko ya yi daidai ko bai yi ba, shawarar mutum ɗaya ce. Abin da ya rage a hannun ƙasa irin tamu shi ne takardar izni, wadda hukumar ARCEP ke kula da sharuɗɗanta, da kuma damar kada mu ɗaure kanmu da madugu ɗaya, tun da Amazon ta fara harba nata taurarin a Afrilu 2025, OneWeb ta haɗe da Eutelsat a 2023, Sin ma na jera nata. Ya kamata ƙungiyoyin malamai su nemi a bayyana abin da irin waɗannan takardu suka tanadar wa makarantu da gidajen likita na karkara, su nema kuma a fassara shi da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, a karanta a rediyo.

Akwai wani aiki kuma da ya fi kusa da ƙungiyoyin al'adu, wanda ba ya jiran gwamnati. Tashar Kano ba Amurkawa kaɗai suka yi ta ba. Akwai waɗanda suka haƙa harsashinta, da direbobi, da masu gadi, da masu dafa abinci, da ma'aikatan gidan waya da suka haɗa layukanta. Saurayin da ke da shekara 20 a 1962 ya haura tamanin yau. Haka nan cikin mutanenmu da suka yi ci-rani a Fezzan a farkon shekarun 1980, ba mamaki a samu wanda ya ga hayaƙin rokar OTRAG ko ya ji abin da mutanen Sabha ke cewa a kanta. Na rubuta wa wani abokin aiki da ke koyar da tarihi a Kano, na roƙe shi ya fara tambaya a unguwanni, ni kuma zan tambayi tsofaffin direbobin hanyar Dirku in na je Agadas hutun ƙarshen shekara.